Billen Ummussalma

Lahadi, da hantsi, a shago

Ni Sabo, da hannuna na kafa shagon nan. Babu wanda ya ba ni jari. Da faranti a ka na fara, kwalli da jan baki da ɗan madubi, ina bin ƙauyuka daga Kangire har Sundimina a ƙasa. Faranti ya zama tebur, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama shago mai ƙofar gilashi. Na gina gidana. Na aurar da 'yata ban je ƙofar kowa ba. Karatuna a sakandare ya tsaya, amma ni ne na fara ganewa a Birnin Kudu cewa hodar ruwa, wadda 'yan mata ke ce wa fandeshin, ba a shafa ta yadda ta zo daga Kano. Masu yin ta ba su taɓa ganin fuskokinmu ba. Sai an haɗa. A ɗiga mai duhu a kan mai haske, a sa ɗan ja, in ta yi kauri a sassauta ta, in ta yi ruwa a ɗaure ta da garin hoda. Babu wanda ya koya mini.

Ga yadda muke yi. Namiji ba ya ƙare wa matar wani kallo, balle amarya. To akwai ɗaki a bayan shago, da labule. Matata Ummussalma tana ciki da amarya, ni ina waje da farin tayil ɗin da nake haɗi a kai da tsinke. Sai ta ɗaga murya ta ce, ta fi ni duhu kaɗan, da ja a ciki. Ko ta ce, kamar ni ce amma fatarta maiƙo gare ta. Ni kuma in haɗa, in tura ta ƙarƙashin labule. Ita shafawa kawai take yi. Haɗin nawa ne.

Yau labulen a ɗage yake. Na share ɗakin duk da ba wanda ya shiga.

Ranar Alhamis na kai Ummussalma Gwaram. Likita ya ce mu kai ta gida ta huta, bai ba mu ranar dawowa ba. Ita ta ce gidan mahaifiyarta Inna A'i take so.

Talata, bayan La'asar, Gwaram

Na same ta a rumfar tsakar gida, a kan katifa. Na kawo mata lemo da kankana. Ta ce in ajiye, in matso.

Maganar Juwairiyya ce. 'Yarmu ke nan, ita kaɗai Allah Ya bar mana. Tana Lakwaja da mijinta Fa'izu, cikinta ya tsufa. Biyu sun zube mata a baya. Wannan karon likitan can ya ce jininta yana hawa, kada ta hau mota, kada ranta ya tashi, shi ya sa ba ta zo gida goyon ciki ba. Abin da ta sani shi ne uwarta ta zo Gwaram jinyar tsohuwa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci takan kira ta bidiyo. Juma'ar da ta wuce muka ce babu sabis, aka yi da murya kawai. Ummussalma ta ce wannan dabara ba ta yiwuwa sau biyu, yarinyar ba wawiya ba ce.

Ba ta faɗin sunanta, 'yar fari ce. Ta ce, "Yarinyar nan ba za ta gan ni haka ba sai ta sauka lafiya. Mai shago, ka haɗa mini fuskata ta da."

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na yi wa amaren da ban taɓa gani ba, balle ita.

Yayanta Malam Abdulnasir yana zaure da ɗalibansa na Islamiyya lokacin da zan fita. Ya sallame su, ya ce in zauna. Ya ce ya ji abin da ake shiryawa, kuma ransa bai kwanta da shi ba. Na ce masa maganar mata ce da kwalliya. Ya dube ni. Na ce zan rasa bas.

Laraba, da safe

Mutum biyu sun zo neman kwalliyar amarya. Na ce mai yi ta yi tafiya.

Alhamis, bayan Azahar, a shago

Na rufe ƙofa rabi, na jera kwalabe.

Ƙa'idar sana'ar nan ɗaya ce, ni na kafa ta a garin nan: fuska ta bi wuya. Abin da wuya ya ce shi za ka haɗa. To yanzu wuyan ba abin bi ba ne. Sai na bi abin da na sani.

Na ɗauki tsinke na tsaya. Shekara da shekaru ita ce ma'aunina. Kowace mace a Birnin Kudu ko ta fi ta duhu ko ta fi ta haske. Amma ita kanta ban taɓa haɗa ta ba, don ba ta shafawa. Na rufe ido in gan ta. Sai na ga hannunta yana miƙo kwano. Na ga bayan wuyanta tana tankaɗe. Na ga gefen fuskarta a cikin bas ranar da muka je Kano sayen gilashin ƙofa, rana ta shigo ta taga ta kwanta mata a kunci. Kalar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wani lokaci kamar dabino sabon tsinka, wani lokaci kamar sabuwar tukunya da aka jiƙa. In na kai hannu sai ta gudu.

Zafi ya yi yawa, fanka tana juya iska mai ɗumi. Ina jin na yi gyangyaɗi a kan tebur, don na ji an ce daga bayan labule, ƙara ja. Na ƙara.

Na yi kala uku, na zuba a 'yan kwalabe.

Juma'a, da yamma, a cikin bas

Hannunta rawa yake yi. Ta ɗauki soso ya faɗi, ta sake ɗauka ya faɗi. Inna A'i idonta ba ya gani sosai. Sai Ummussalma ta miƙo mini ta ce, to gwani, bismilla.

Ban taɓa sa hoda a fuskar mutum ba. Na rubuta nan don gaskiya ce, ba don wani abu ba. Tayil sanyi gare shi, kuma ba ya numfashi. Na durƙusa a gabanta, ta rufe ido, na fara daga goshi kamar mai shafe. Ta ce ba haka ba, dangwalawa ake yi, kamar kana taɓa kan jariri. Na dangwala.

Kalar ta biyu ce ta fi kusa. Amma fatar ta bushe ƙwarai, ta shanye ruwan haɗin nan take, abin ya daskare a gefen baki da ƙasan ido. Kuma abin da ke ƙasa yana hudowa, ya mayar da haɗina toka-toka. A tayil ba haka yake ba.

Inna A'i ba ta yi mini magana kai tsaye, surukuta. 'Yarta ta kalla ta ce, "Ashe mai shagon naku magini ne, ga shi ya yi yaɓe bango ya tsage." Ummussalma ta yi dariya har tari ya kama ta.

Muka ja hijabi ya rufe wuya da haɓa. Na zaunar da ita a inuwa, tsohuwa ta tokare ta da filo ta baya. Allah Ya taimake mu, hadari ya haɗo gabas, hoton yana ta yankewa. Juwairiyya ta yi ta faɗin ƙafafunta sun kumbura, tana son ɗanwake irin na gida. Uwar tana kallon gefe kamar kullum, tana amsawa da to, da Allah Ya sauwaƙe. Ba a daɗe ba.

Hadarin ya watse bai zubar ba. Sa'a ce ta fishe mu yau, ba haɗina ba. Ba na son haka.

Asabar

Ba laifin kalar ba ne. Fatar ce.

Litinin, da hantsi

Na gano abu biyu, ni kaɗai.

Na farko, toka ba a rufe ta da kalar fata. Sai an fara kashe ta da ja mai ruwan lemo a ƙasa, sannan a ɗora. Na kankare ɗan jan baki na murje shi a cikin haɗin. Na gwada a bayan hannuna bayan na shafa tokar murhu. Maƙwabcina mai shayi ya leƙo ya gan ni, ya ce ko amarya ce ni yau. Na ce ya je ya kula da tukunyarsa.

Na biyu, man kaɗe. Kaɗan, a narkar da shi da ɗumin tafin hannu, a haɗa tun kafin a shafa. Ya hana daskarewa. In ya yi yawa fuska za ta yi ƙyalli a waya kamar mai zazzaɓi, to wannan ma ba ma so. Na ɗaure shi da garin hoda har ya yi kauri kamar kindirmo.

Da ina da irin karatun masu kamfanin nan da yanzu sunana na jikin kwalba.

Laraba, bayan La'asar, Gwaram

Ba ta ci komai ba sai kunu cokali kaɗan. Na zauna kusa da ita ina yi mata fifita. Ta tambayi shago, na ce yana nan cike da mutane. Ta ce in faɗa wa matar mai shayi ta daina sayen mai haske, tana zama kamar an tsoma ta a gari.  Kurciya tana kuka a kan darbejiya. Na ga kamar rumfar tana tafiya da mu a hankali, kamar kwalekwale, gidan da katangarsa suna matsawa baya. Ban so a yi magana ba kada ta tsaya.

Juma'a, bayan Magariba, a gida

Da na gama shafawa na ja baya na dube ta. Ga ta nan. Santsi, babu tsaga ko ɗaya, kalar ta zauna. Inna A'i ta matso da fuskarta dab da ta 'yarta, ta daɗe tana dubawa, ta tashi ta shiga ɗaki.

Sabis ya yi kyau yau. Juwairiyya ta fito tar, ta yi ƙiba, hancinta ya buɗe. Ta gaishe ni, ta gaida kakarta. Ta fara labarin wata maƙwabciyarta Banufiya da ke kawo mata kifi. Sai ta tsaya a tsakiyar magana. Ta kawo fuskarta kusa da waya.

"Umma, ina billenki?"

Ummussalma tana da bille a kuncin hagu, siriri, tun tana jaririya aka yi mata, ya shafe har sai ka matso za ka gan shi. Kaurin haɗina ya cike shi. Ni da nake durƙushe a gabanta ban lura ba. Ni murna nake yi ya yi santsi.

Uwar ta ce wayar ce, wayoyin yanzu gyara fuska suke yi. Juwairiyya ta ce to ai na Inna A'i ga su nan ana gani. Tsohuwa ta ce nata da gatari aka yi su. Aka yi dariya. Amma yarinyar ba ta koma labarin kifi ba.

Ina cikin bas ta kira ni. Ta ce, Baba, lafiyar Umma ƙalau kuwa? Na ce gajiyar jinya ce. Ta ce fuskar kamar ba tata ba, kamar an ɗora mata wata. Na ce ta kwanta ta huta, kada ta sa wa ranta komai. Ta ce Juma'a mai zuwa za ta duba da kyau.

Asabar, da safe

Haɗin da zai rufe komai na iya. Yanzu ana son wanda zai rufe wani abu ya bar wani.

Lahadi, da yamma

Ban buɗe shago ba. Na fita bayan gari wajen duwatsu, inda mutanen zamanin dauri suka zana shanu a jikin dutse. Tun ina yaro ban sake zuwa ba. Na zauna a inuwar kogon ina kallo. Jan yana nan, ya dushe amma bai tafi ba, kuma ana ganin ƙwayar dutsen ta cikinsa. Ba su cike dutsen ba. Sun bar shi yana shan iska ta cikin kalar. Wani ne ya zauna a nan ya niƙa, ya haɗa, ya gwada a hannunsa, wataƙila matarsa tana gefe tana ce masa ƙara. Ba a san ko wane ne ba.

Na yi barci a wurin. Na yi mafarki duk amaren da na taɓa haɗa wa sun fito daga bayan labule a jere, kowace riƙe da fuskarta a faranti kamar mai talla, suna tambayata wace ce ta wa. Ina ta rarrabawa ban yi kuskure ba. Da aka zo kan ta ƙarshe farantin ruwa ne kawai a ciki, yana rawa.

Wani makiyayi ne ya tashe ni, ya ce rana ta faɗi.

Talata, bayan Azahar, Gwaram

Malam Abdulnasir ya tare ni a zaure, yau bai bar ni na wuce ba.

Ya ce ba haramcin hoda yake magana ba, ya san miji na iya yi wa matarsa ado. Ya ce maganar haƙƙi yake yi. 'Ya tana da haƙƙin ta nemi gafarar uwarta uwar tana ji, ta kuma ji an ce an yafe. In muka hana ta wannan, da me za mu biya ta. Na ce masa ai likita hutu ya ce. Ya ce, Sabo, ni da kai muka shiga wurin likitan. Na ce a bar maganar nan. Na ce in jinin yarinyar ya hau aka rasa biyu, shi zai amsa?  Daga baya ya ce zai yi haƙuri har ta haihu, amma ranar da ta haihu shi da kansa zai kira Fa'izu. Na ce ya yi abin da ya ga dama.

Mutum ne mai ilimi, ban hana shi ba. Amma bai taɓa riƙe soso ba.

Na shiga ciki. Tana barci, kuncin hagu a sama. Na tsuguna na daɗe ina kallon billen. Ashe ba miƙaƙƙe ba ne, ya ɗan karkata a ƙasa kamar jinjirin wata. Tun aurenmu yake nan.

Alhamis, tun safe har La'asar

Na bar kauri. Na sassauta haɗin da ruwan wardi har ya zama kamar shayi da madara, in ka ɗiga a tayil kana ganin farin tayil ta ciki. Jan ba zai shiga ko'ina ba, sai inda tokar ta fi: ƙasan ido, gefen baki, saman goshi. Man kaɗe ba a cikin haɗin ba, a fata tukuna, a bari ya nutse. Sannan a bi da ruwan kalar, a jira ya sha iska, a sake bi. Kamar rini, ba kamar yaɓe ba.

Na ja layi da allura a kan sabulu, na gwada. Layin bai cike ba.

Juma'a, da yamma

Aikin ya ɗauki lokaci, ta gaji, na riƙa tsayawa tana jingina da kafaɗata. Tana rufe da ido take ba ni umarni. Nan ya isa. Nan ƙara. Ban san yadda take sani ba tare da madubi ba. Da na zo kuncin hagu na ɗauke soso, na bi gefe da gefen billen da ɗan yatsana.

Ta karɓi madubi. Ta juya nan, ta juya can. Ta ce, "Wannan matar na san ta. A ina ka samo ta?" Na ce a shagona take aiki.

Juwairiyya ba ta ko gama sallama ba ta ce Umma juya. Uwar ta ce ita ba akuyar kasuwa ba ce da za a riƙa juya ta. Amma ta juya. Yarinyar ta duba, ta duba, sai ta sauke numfashi ta ce, yauwa, yau ga Ummata. Ta koma labarinta. Ta ce an ce saura kaɗan. Ta ce in ta haihu Umma ce za ta zo ta yi mata wanka, ba ta son kowa. Uwar ta kalli gefe ta ce Allah Ya kai mu.

Babu wanda ya ce kwalliya ta yi kyau. Ba a ga kwalliya ba. Haɗin da ya fi kowanne a rayuwata ke nan.

Asabar

Ruwan farko ya sauka. Ƙasa ta yi kalar da nake nema ranar nan.

Litinin, da hantsi, Gwaram

Na rufe shago na ba mai shayi makulli. Zan zauna nan. Malam ya ba ni ɗakin zaure.

Laraba

Yau ba ta yi magana sosai ba. Ta tambaya ko Juma'a ta yi. Na ce saura.

Juma'a, bayan La'asar

Ba ta iya zama. Na yi mata a kwance, sannan muka ɗaga ta, ni da Malam, shi ya zauna a bayanta ya tallafe ta, aka rufa masa zane kamar jingina.  Kalar ta makon jiya ba ta isa ba, sai da na ƙara ja. Fuskar ta rage faɗi, na sassauta hijabin ta gefe don ya cike.

Na riƙe wayar da kaina. Na fi yin magana. Na ce Umma mura take yi, muryarta ta dushe. Ta ɗaga hannu, ta yi murmushi, billen ya motsa. Da na ga idonta yana lumshewa na ce caji ya ƙare.

Da aka cire zanen na ga gemun Malam a jiƙe. Zafi ake yi.

Lahadi

Geron da aka shuka bayan gida ya tsiro. Na faɗa mata. Na ce kore ne mai rawaya a ciki, wanda ba ni da shi a kwalba.

Talata, da hantsi

Fa'izu ya kira bayan Asuba. Mace. Uwa da 'ya lafiya, jinin bai hau ba.

Na shiga na faɗa a kunnenta. Ta buɗe ido gaba ɗaya, rabon da in ga haka an kwana biyu. Ta ce, ɗauko kayanka. Na ce ta bari sai ta huta. Ta ce, Mai shago, ɗauko.

 Na bi a hankali, ruwa bayan ruwa, rana tana shigowa ta tsakanin karan rumfa tana sauka mata a goshi.  Ji nake kamar ba shafawa nake ba, kamar share ƙura nake daga kan wani abu da ke nan tun da.

Aka kira. Juwairiyya tana kan gadon asibiti, ta ɗago jaririyar ta cika wayar, jawur, ido a rufe. Ummussalma ba ta kalli gefe ba yau. Ta kalli wayar sosai. Ta kira sunan yarinyar, sunanta na yanka, a gaban uwarta da yayanta. Ta ce, "Juwairiyya, sannu. Allah Ya yi miki albarka. Ban riƙe ki da komai ba." Yarinyar ta yi dariya ta ce yau Umma ta manta kunya, jika ta sa.

Da aka kashe ta ce in wanke mata fuska. Na kawo ruwan ɗumi. Ya fita da sauƙi, ba shi da kauri.

Ina zubar da ruwan na ji Malam a zaure yana waya.

Alhamis

An yi jana'izarta da safe. Mutane da yawa, har daga Kangire.

Asabar

Mata suna ta shigowa suna cewa ita ta yi musu kwalliyar aure. Haɗin Ummussalma, haka suke ce masa. Ban gyara musu ba.

Laraba, bayan La'asar, Birnin Kudu

Juwairiyya ta iso jiya da jaririyar, an sa mata sunan marigayiya. Ta gaishe ni a tsaye. Ba ta ci abincin da aka kawo ba. Ta shiga ɗakin bayan shago ta saki labule, na ji tana shayarwa, ni ina waje wurin tayil.

Daga can ta yi magana. Ta ce makonni tana ba uwarta labarin kifi da ɗanwake. Ta ce da ta sani da ko a ƙasa ta taho. Ta ce Umma ta zalunce ta. Na ce kada ta sake faɗin haka. Ta ce to wa ya yi. Sai wata ta shigo sayen kwalli, na juya wurinta.

Juma'a, da hantsi

Ashe ranar haihuwar Juwairiyya ta ɗauki hoto daga wayar suna cikin magana. Fa'izu ya kai an wanke shi babba, an sa a gilashi. Ummussalma ce ta cika shi, tana kallon gaba, billen ya fito. A kusurwa can sama ga jaririyar ƙarama a hannun uwarta. Shi ke nan hoton da suke tare, ba za a yi wani ba. Duk wanda ya gani sai ya ce Allahu akbar, kamar ba ta yi ciwo ba.

Yarinyar ta rataye shi a ɗakinta, har yanzu ba ta kallona. Ba komai. Tana da rai, 'yarta tana da rai, ta yi fushin da take so.

Amma abu ɗaya nake so, na kuma faɗa wa Malam shi ya yi da rubutunsa mai kyau, tunda ya san komai. Jaririyar nan za ta girma, za ta tsaya a gaban hoton ta ga mace lafiyayya mai suna irin nata. Wata rana za a gaya mata ba haka kakarta take ba a ranar, an ɓoye wa uwarta. In ta tambaya wa ya yi, kada a ce marigayiya, kada a ce dangi, kada a ce shawara aka yi. A cire gilashin a rubuta a bayan hoton: Sabo mai hoda na Birnin Kudu, shi ya haɗa, shi ya shafa, shi ya riƙe wayar. Babu wanda ya taya shi. A sa sunana cikakke, da tawadar da ba ta gogewa.